An ce in kawo bayanan baban yarana ko a yanke min tallafi: ku ba ni shawara

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki. Ina zaune a Bronx, birnin New York a Amurka, da yara biyu, mace 'yar shekara bakwai da namiji ɗan shekara uku. Aurena da babansu ya mutu bara bayan ƙaramar salla. Ba wani tashin hankali aka yi ba, zama ne ya ƙare. Tsohuwar da nake aikin kula da ita ta rasu, aiki ya tsaya, sai na je na nemi tallafin kuɗi na gwamnati, welfiya dai da muke cewa. An karɓe ni. To yanzu ga takarda ta zo, wai in je ofishin kuɗin ciyar da yara da cikakken sunan babansu, da adireshinsa, da inda yake aiki, da lambar soshiyal ɗinsa (lambar shaida ta Social Security) in na sani. In ban je ba za a yanke kashi 25 cikin ɗari na abin da ake ba mu.

Mutumin nan bai yar da 'ya'yansa ba, tsakani da Allah. Tasi yake ja. Duk Juma'a in ya taso daga masallaci yana kawo dala 100, wani lokaci har da buhun shinkafa da man girki. Da na nuna masa takardar sai ya ɓata rai, ya ce yanzu ni za ki kai ƙara wajen Turawa? Kafin dare mahaifiyarsa ta turo min saƙon murya daga gida, minti tara, ba abin da ba ta faɗa ba. Ni kuwa ban kai ƙarar kowa ba. In je ko in bari su yanke?

Gwaggo_Asabe:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, kada ki amsa wa tsohuwar nan yau. Uwa ce, ɗanta take karewa, kuma abin da ya faɗa mata shi ta sani. Ki bar zuciyarki ta huce tukuna. Masu sanin doka za su shigo.

Tafinta_Harlem:
Hajiya sannu. Shekara goma sha ɗaya ina fassara a kotun iyali da ofisoshin tallafi, irin takardar nan na gan ta ba adadi. Ni ba lauya ba ne, amma ga yadda abin yake.

Ranar da kika cike takardun neman tallafin, akwai wani shafi da kika sa wa hannu, wataƙila ba a ma karanta miki shi ba. A shafin nan kin sallama wa jiha haƙƙinki na karɓar kuɗin ciyarwa daga uban yara muddin kina kan tallafi. Wato daga ranar, a idon hukuma, ba ke kike binsa ba, jiha ce take binsa, don ta mayar da abin da take ba ki. Shi ya sa ko kin so ko kin ƙi, su ne masu shigar da ƙarar. Ki faɗa masa haka da kyau.

Kuma ba ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinki ce ta ƙirƙiro ba. Dokar tarayya ce. An kafa tsarin bin iyaye kuɗin ciyarwa a 1975, zamanin Gerald Ford. A 1996 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta soke tsohon tallafi na AFDC ta kawo TANF, wato tallafin kuɗin da kike karɓa yanzu, ita ce ta ce duk wadda ta ƙi ba da haɗin kai ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba, dole jiha ta yanke aƙalla kashi 25, in ta ga dama ma ta rufe tallafin gidan gaba ɗaya. New York kashi 25 ɗin take yankewa, akwai jihohin da suke rufewa ruf. Jihar da ta yi sakaci kuma ita ma tarayya tana iya zaftare mata har kashi 5 na kuɗin da take ba ta. To kin ga kowa da wanda ke tsaye a kansa da bulala.

Haɗin kan da suke nufi: ki faɗi abin da kika sani game da shi, ki halarci ganawa da zaman kotu, in ana tababar uba a yi gwajin jini. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ba laifi ba ne.

DanTasi_718:
To Malam Tafinta ka faɗa mata sauran mana. Kuɗin da za a ƙwata a hannunsa, nawa ne zai shiga hannunta? Nan ne ake yin ta.

Tafinta_Harlem:
Ina zuwa Alhaji, ai ban gama ba. A New York, muddin tana kan tallafi, dala 100 ake miƙa mata a wata in ɗa ɗaya ne, dala 200 in biyu ne ko fiye. Sauran jiha da tarayya su raba, har sai sun fanshe abin da suka kashe. Lissafin kotu kuwa kaso ne na abin da uba yake samu: 17 cikin ɗari ɗa ɗaya, 25 biyu, 29 uku, 31 huɗu, biyar zuwa sama ba ya gaza 35. Misali a ce alƙali ya tsaya a kan yana samun dala 600 a mako. Yara biyu, wajen dala 150 ke nan a mako, kusan 650 a wata. Ita ta ga 200, kusan 450 su wuce asusun gwamnati.

DanTasi_718:
Kun ji ko? Yanzu 400 da ɗoriya yake kai mata hannu da hannu, ga shinkafa. Gobe zai biya 650, yaransa su ga 200. Shi an ƙara masa kaya, ita an rage mata, kuma sunan abin kuɗin yara. Wane yaro? Wannan ai kura ce da fatar akuya.

Zango_Prince:
Lissafi mai sauƙi ne 'yar'uwa. Iyali mai mutum uku a birnin nan iyakar abin da ake ba su dala 789, a ciki ma 400 na haya ne, hayar da ko ɗaki ɗaya ba ta kamawa a Bronx. Kashi 25 bai kai dala 200 ba. Ki bar su su yanke, ki ci gaba da karɓar na Juma'a, kowa ya zauna lafiya.

Hajiya_Columbus:
@Zango_Prince ka ji tsoron Allah, kada ka jefa baiwar Allah a rami. Na Juma'ar nan da kake cewa, tana kan tallafi dole ta bayyana shi. Duk lokacin sabunta takardu ana tambaya ko akwai kuɗin da ke shigowa, kuma rantsuwa ce kake sa wa hannu. In ta ɓoye aka gano, za a ce ta biya abin da aka ba ta fiye da ƙima, ana iya dakatar da ita, abin yana iya kaiwa ga tuhumar zamba. Ga wadda ke fatan neman takardar zama 'yar ƙasa nan gaba, wannan ba ƙaramin tabo ba ne. Sannan ko ta ƙi zuwa, sunansa yana kan takardar haihuwar yara ko ba ya nan? Za su neme shi da kansu. Sai ta tashi a tutar babu: an yanke mata, shi kuma an kamo shi.

Zango_Prince:
To Hajiya na janye. Amma ku yarda tsarin ne yake koya wa mutane ɓoye-ɓoye.

Malam_Idi:
Assalamu alaikum. Ni ta ɓangaren addini zan ɗan taɓa, don na ga ana son a mayar da yarinya mai laifi. Ciyar da 'ya'ya wajibi ne a kan uba, ko da aure ko ba aure. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa, gwargwadon abin da aka sani. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Hindu matar Abu Sufyan ta kai kukan maƙonsa gaban Manzon Allah (SAW), ba a ce mata ta tona asirin miji ba, an ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta. Don haka neman haƙƙin yara ba abin kunya ba ne.

Amma tambayar da zan yi wa baban yaran ita ce: da abin da yake kawowa yana isa, me zai kai ta layin tallafi tun farko? Dala 100 a mako, yara biyu, a garin da muke ciki? In ba ya son sunansa a takardar Turawa, hanya a buɗe take. Ya ɗauki nauyin da zai sa ta rufe fayil ɗin. Mun sha yin irin wannan zama a masallaci, da waliyyai ko wakilansu, a rubuta, a sa hannu.

Yar_Damagaram:
Malam Allah ya saka. Amma zaman masallacin nan ni an yi min shi har sau uku. Kowane zama sai ya rantse, ya kawo wata guda, shi ke nan sai labari. In na koma wajen dattawa su ce ki yi haƙuri, kin san halin ƙasar. Shekara huɗu ina haƙuri da ɗiya ukku a Greensboro, ina aikin dare a kamfani, shi kuwa ya gina gida a can, ya ƙara aure, hotunan biki har a wayata. Nan North Carolina tallafin mutum ukku dala 272 ne a wata, ku ji fa, don haka ni ba don kuɗin welfiya na damu ba. Amma ranar da suka ce dole in ba da sunansa, wallahi daɗi na ji. Na samu abin fakewa. Duk wanda ya kira ni sai in ce ba ni ba ce, doka ce. Bayan wata takwas na bar tallafin, tun daga nan kuɗin suna zuwa min kai tsaye, ana cira daga albashinsa kafin ya gani. Ba roƙo, ba kiran waya, ba ganin wulaƙanci. Masu cewa dokar nan zalunci ce, ku sani akwai matan da ba don ita ba da ko sisi ba za su gani ba.

DanTasi_718:
@Yar_Damagaram naki daban. Wanda ya gudu a bi shi, ba mai musu. Muna maganar wanda yake zuwa da ƙafarsa duk Juma'a. Doka ɗaya aka yi musu, ba ta bambance mai gudu da mai zuwa.

Bari in ba ku nawa, ko wani zai tsira. A 2019 aka yanke min dala 140 a mako. Ina biya ba fashi. Korona ta zo a 2020, gari ya mutu, wata biyar ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba. Na ɗauka ai kowa ya san halin da ake ciki, za a duba. Ashe ba mai dubawa sai ka shigar da takardar neman ragi da kanka, kuma ragin daga ranar da ka shigar yake farawa. Akwai wata doka tun 1986 da ta hana alƙali ya koma baya ya goge abin da ya riga ya taru. Ariyas, wato bashin da ya taru, ya haura dala dubu uku. Mahaifiyata ta kwanta ciwo a gida, na je sabunta fasfo, aka ce sunana yana cikin jerin waɗanda ake bi, duk wanda bashinsa ya wuce dala 2,500 ba fasfo. Kafin in haɗa kuɗin, a cire sunan, an yi sadakar bakwai. Ta waya na yi ta'aziyyar uwata.

Kuma in ka tara na wata huɗu a nan ana iya dakatar da lasin tuƙi. Direba a karɓe masa lasin a ce ya biya bashi, da me?

Gwaggo_Asabe:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ban taɓa sanin haka abin ya faru ba Alhaji.

Maman_Hanifa:
Allah ya jiƙanta Alhaji. Wallahi irin wannan nake tsoro. Ba na son gobe yarana su ce ni na jawo wa babansu. Kuma shi ba ya karanta takardu, in wasiƙa ta zo a mota yake jefa ta.

Tafinta_Harlem:
To wannan ɗabi'ar ita ce za ta kashe shi, ba ke ba. Mafi yawan mazan da na ga sun shiga uku, rashin zuwa kotu ne ya jawo. In bai zo ba alƙali ba ya jira, zai yanke a bayan idonsa, ko dai bisa buƙatun yara ko bisa abin da aka ƙiyasta yana samu, kuma ƙiyasin ba ya zuwa da sauƙi. In ya zo da takardun harajinsa, da na hayar mota, da inshora, da mai, za a yi lissafi a kan abin da ya rage masa na gaskiya. Wanda samunsa ke ƙasa da ma'aunin talauci a New York ana iya yanke masa dala 25 kacal a wata, kuma bashin da zai taru a kansa a lokacin ba ya wuce 500. Amma sai ka zo ka nuna. Tafinta kyauta ne, haƙƙinsa ne ya nema.

Abu na biyu, daga ranar da aka yanke, kada ya ƙara miƙa kuɗin ciyarwa ta hannu. Duk abin da bai bi ta asusun jiha ba, ana iya ɗaukarsa kyauta ce. Na ga mutum ya zo da jaka cike da rasit na famfas da takalma, aka ce masa an gode, bashi yana nan.

Bako_daga_Kano:
Ku yi haƙuri ni ɗan kallo ne, ƙanwata ce ta sa ni a gidan nan. Abin ya ɗaure min kai. Mu a nan mace ta je kotun shari'a ko Hisba, a yanke wa mutum dubu goma ko ashirin a wata, ya biya sau biyu ya ɓace, ba mai iya cire ko kwabo daga aljihunsa tunda ba albashi yake ɗauka ba. Kullum addu'armu a samu irin tsarinku. Yanzu kuma na ji kuna kuka da shi. Wato gwamnati ta karɓi kuɗi a hannun uba ta saka a aljihunta?

Hajiya_Columbus:
@Bako_daga_Kano ba duka ba. Mafi yawan masu amfani da ofishin ba sa kan tallafi, su kuɗinsu cif yake zuwa musu, sai ɗan kuɗin hidima dala 35 a shekara ga wadda ba ta taɓa karɓar tallafi ba. Matalautan da ke kan TANF su ne ake riƙe wa. Hujjar gwamnati ita ce: kuɗin masu biyan haraji ne muka ciyar da ɗanka, kai ya kamata ka ciyar, to biya mu. In ka kalle shi ta nan ba rashin hankali ba ne. Ni ma haraji nake biya, shekara ashirin ina aikin jinya, ba zan so mai hali ya sakar min 'ya'yansa ba. Inda nake da ja shi ne, uba in ya san kuɗin ba yaransa za su je ba, hannunsa sanyi yake yi. Kafin 1996 dala 50 ake miƙa wa uwa a ko'ina, dokar Clinton ta cire wannan tilas ɗin, sai a 2006 aka ce jihar da ta miƙa 100 ko 200 tarayya ta yafe kasonta a ciki. Colorado tun 2017 take miƙa wa iyali duk abin da uba ya biya na wata. Ashe dai ana iyawa.

Ummi_Manchester:
Mu nan Ingila an taɓa yin irin naku, mace tana kan tallafi dole a bi da ita ta hukumar kuɗin ciyar da yara. An cire tilas ɗin a 2008, daga 2010 kuma duk abin da uba ya bayar na uwa ne, ba a rage mata tallafi saboda shi. Ba wai an huta ba ne, masu gudu suna nan suna gudu, musamman masu sana'ar kansu da ba a ganin samunsu. Amma aƙalla ba a riƙe abincin yara a ce sai kin kawo ubansu.

Baiwar_Allah_22:
Na daɗe ina karantawa ban taɓa rubutu ba. Maman Hanifa ta ce nata ba duka, alhamdu lillahi. Amma don wata da take karantawa a ɓoye nake rubuta wannan.

Ni guduwa na yi da dare da jariri a baya, daga wata jiha zuwa wata. Da na nemi tallafi aka miƙo min irin takardar nan, aka ce sunansa da adireshi. Jikina ya hau rawa, don na san in takardar kotu ta je masa zai san garin da nake. Wadda ta karɓe ni ba ta ce min akwai mafita ba, ni kuma Turancina a lokacin bai kai in tambaya ba. Na ƙi komawa, aka yanke min. Wata biyar muna cin abin da gidan mafaka suka ba mu. Sai wata ma'aikaciyar gidan ce ta ce min ai doka ta ba da uzuri: in bin uban zai jawo cuta gare ki ko ga yaro, ko cikin ta hanyar fyaɗe aka same shi, ana ɗage miki wannan sharaɗin. Ta rubuta min wasiƙa, na haɗa da takardar kariya ta kotu, aka karɓa. Ko ba ki da rahoton 'yan sanda ki faɗa, ana karɓar wasu shaidun, kuma ana iya ɓoye adireshinki. Kada kunya ta hana ki. Mu an koya mana rufa asirin miji, su kuma in ba ki furta ba, babu shi.

Malam_Idi:
Allah ya ƙara miki lafiya da kariya 'yata. Wannan laifinmu ne mu dattawa, sau da yawa mace ta zo da tabo a fuska mu ce ta koma ta yi haƙuri.

Zango_Prince:
Tunda an fara faɗin gaskiya a ƙarasa. Akwai gidajen da maigida yana nan daram, a ɗaki yake kwana, amma a takarda an rubuta ba a san inda yake ba. Akwai kuma amarya ta biyu da aka ɗaura a masallaci, a takarda ita ba ta da miji. Su ne in wasiƙar nan ta zo ido ya raina fata. Rabin ihun da ake yi a unguwa kan dokar nan daga nan yake fitowa.

Mai_Gida_Admin:
@Zango_Prince a tsaya a kan tambaya. Ba a buɗe zauren nan don tonon silili ba, kuma kada wanda ya kawo misali da gidan wani, ko da ba suna.

Yar_Damagaram:
Ni tambaya gare ni. Ƙawata ba ta karɓar kuɗi, katin abinci da Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati) kawai, ita ma an aiko mata. Kuskure ne?

Tafinta_Harlem:
Ba lalle kuskure ba ne. Medicaid yana da nasa sharaɗin, ana so a ga ko uban yana da inshorar da za ta rufe yara. In uwa ta ƙi, ita ce za ta iya rasa nata, na yara ba a taɓawa, mai ciki kuma ba a matsa mata. Katin abinci na SNAP zaɓi ne aka bar wa jihohi, kaɗan ne suka ɗauka, Kansas na ciki tun 2015. A can ma kason uwa ake cirewa, na yara yana nan, sai dai tukunya ɗaya ce, kowa ya san wanda zai ji a jikinsa. Wasu jihohin har tallafin kuɗin renon yara sun ɗaura masa wannan igiyar. Ta duba kan takardar ta ga wane shiri ne ya aiko.

@Maman_Hanifa in har aka yanke miki bisa kuskure, misali kin je amma aka rubuta ba ki zo ba, kina da kwana 60 ki nemi a saurari kokenki. In kika nema cikin kwana goma na farko, ba a taɓa kuɗin sai an yi zaman. Duk inda kika je ki karɓi shaidar zuwa a rubuce.

DanTasi_718:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ta nemi aiki ta fita daga welfiyar nan tun kafin a kai ga alƙali. Dama wata 60 ne iyakarta a rayuwa a kuɗin tarayya, ana ƙirga mata. Me za ta ƙona watanninta a kai, a kuma ɗaura wa uban yara igiya har yaro ya kai shekara 21?

Hajiya_Columbus:
Alhaji igiyar nan Allah ne ya ɗaura masa tun ranar suna. Kuma ka ce ta nemi aiki kamar a bakin ƙofa yake. Ɗan shekara uku wa zai riƙe mata? Kai za ka ɗauke shi a tasi?

Gwaggo_Asabe:
Ku bar musu haka. Maman Hanifa, yaya ake ciki? Kwana biyu shiru.

Maman_Hanifa:
Gwaggo ina nan, na gode muku duka. Na je ranar Talata. Na faɗi abin da na sani, lambar soshiyal ɗinsa na ce ban riƙe ba, don ban riƙe ba ɗin. Na kuma faɗi maganar dala 100 ta Juma'a, gabana yana faɗuwa, matar ta rubuta ta ce za a duba lissafin watannin baya, wataƙila a riƙa cire wani abu kaɗan-kaɗan. Na karɓi takardar shaidar zuwa kamar yadda Malam Tafinta ya ce.

Na tura wa baban Hanifa abin da Alhaji DanTasi ya rubuta na fasfo. Bai amsa ba sai da dare, ya kira ya ce wace rana ce kotun. Ya ce zai zo. Amma Juma'ar nan da ta wuce bai kawo komai ba, ya ce tunda gwamnati za ta karɓa, ta karɓa gaba ɗaya. Ya dai zo ya ɗauki yaran sun je cin abinci, ya dawo da su da sabon takalmi kowanne. Ban san yadda zan fassara wannan ba. Mahaifiyarsa ta sake turo saƙo, minti huɗu wannan karon, ban buɗe ba tukuna.

Hukumar da na yi wa aiki a da sun ce akwai wata tsohuwa a unguwar Co-op City nan Bronx da ke neman mai kwana da ita dare huɗu a mako. In ya tabbata zan rufe fayil ɗin, sai dai ban san ko in bar maganar kotun ta ci gaba ko in janye ba, tunda a lokacin kuɗin hannuna za su riƙa zuwa.

Yar_Damagaram:
Kada ki janye.

DanTasi_718:
Ki janye, ku koma gaban Malam a rubuta. Amma ko ta janye, abin da jiha ta riga ta kashe za ta bi shi, ya san da wannan.

Gwaggo_Asabe:
Wannan sai ranar ta zo. Yanzu dai ranar kotun ki kawo min yaran tun bakwai na safe, kada ki ja su zuwa can su ga iyayensu a gaban alƙali. Ki zo min da saƙon tsohuwar ma, mu saurara tare, ni zan amsa mata.